Foraj na Godiya

Faransanci nake koyarwa a kwaleji a Dogon Dutsi, kuma ɗalibaina za su shaida ba ni da sauƙi. In ɗalibi ya sa kalma inda ba wurinta ba, sai na ja mata jan layi har biro ya huda takarda. To ni ɗin nan, kalma guda ta faransanci ce ta raba mahaifiyata da gonarta, kuma daga bakina ta fito, a gaban gari duka, da hantsi.

Shekarar da abin ya faru, zazzaɓin dutse ya kama Dogon Dutsi. Labari ya ƙetaro daga wajen Kabi cewa akwai wani farin dutse da ake haƙa ana lodawa a manyan motoci, wai da shi ake yin batirin salula da na motocin da ba su shan mai. Masu kabu-kabu su suka fi kowa baza shi. Ka hau bayan mutum zuwa kasuwa, kafin ku isa ya ba ka labarin abokinsa da ya tafi da silifa ya dawo da mota. Mutane suka koma tafiya kai a ƙasa. Na ga tela ya rufe kekensa ya hau dutsen bayan gari da buhu a kafaɗa. Wani abokin aikina mai koyar da lissafi, mutum mai hankalinsa, ya tara duwatsu a cikin teburinsa yana lasarsu ɗaya bayan ɗaya, wai an ce na gaske yana da ɗan gishiri-gishiri. Na yi masa dariya har da riƙe ciki, amma ni ma zama ya gagare ni. In na dawo daga aji sai in fita ƙofar gida, in dawo, in sake fita. Ji nake wani abu yana wucewa ta kan gudro, babban titin kwalta, kowa zai tsinci rabonsa, ni ina ɗaki ina gyaran jimloli.

Garinmu yana kan tudu tsakanin Dutsi da Matankari, nesa da fadama. Rijiyarmu guda ce, kuma doguwa ce ƙwarai, sai an ɗaura wa jaki igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo. In bazara ta yi, mata a bakinta suke wuni. Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana can. Tun rasuwar mahaifina na yi na yi ta dawo wurina, ta ƙi, saboda gona.

Gonar ba tamu ba ce, aro ce. Kakana baƙo ne, daga wajen Tibiri ya zo, gidan da suka sari dajin suka ba shi wuri ya noma. Ya noma ta har ya mutu, mahaifina ya ɗauka, Inna ta ci gaba. Aro irin wannan a wajenmu ba shi da ranar maidowa, amma yana da sharuɗɗa, kuma mutum kan san su kafin ya san karatu. Ba ka dasa itace a ciki, ba ka haƙa rijiya, domin wanda ya yi ɗaya daga cikin biyun ya ce ƙasar tasa ce. Sannan kowace kaka za ka ɗauki dami guda na gero ka kai gidan masu gona, ba don suna jin yunwa ba, don dai kada a manta. Babba a gidan masu gonar a lokacin wani tsoho ne, aminin mahaifina, rana guda aka yi musu kaciya. Baba nake ce masa. Ciwon ƙafa ya hana shi yawo, kullum yana zaurensa a kan buzu, kuma zauren a bakin hanyar fita gari yake.

Wata Asabar aka aiko daga meri, ofishin magajin gari, cewa baƙi za su je garinmu, ana son ɗan gari mai faransanci ya yi tafinta. Na sa rigar da nake sawa ranar raba sakamako. Baƙin biyu ne a farar mota: wani Bature da bai ce komai ba sai shan ruwa, da wani injiniya Bazabarme daga Yamai, mai fara'a, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Aka taru a gindin gawon ƙofar mai gari, maza a gaba, mata a tsaye daga baya. Injiniya ya shimfiɗa taswira. Ya ce suna neman dutsen batir, suna son buɗe ma'adini in an dace, na fassara. Ya ce ba za su taɓa gida ko kushewa ba, na fassara. Sai ya ɗaga yatsu uku ya ce da farko za su yi *trois forages de reconnaissance*.

A wajenmu foraj abu guda ne: rijiyar mashin, wadda ake sa wa famfo ruwa ya fito. Ba mu taɓa jin foraj na wani abu daban ba. Ita kuwa kalmar ta ƙarshe, a satin nan na koyar da ita a darasin rubuta wasiƙa, na rubuta ta a allo na ja mata layi biyu, na ce ma'anarta godiya. Kuma duk wani proje na masu tallafi da ya taɓa shigowa ƙasarmu da foraj yake fara faranta ran mutane. Komai ya zauna daram a kaina. Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya don matan baya su ji.

"Sun ce za su gina muku foraj ukku na godiya, tun ba su ɗau komi ba!"

Guɗa ta tashi. Injiniya ya tsinci kalma guda da ya sani a cikin maganata, ya dafa ƙirji yana murmushi yana cewa, "Godiya, godiya." Mai gari ya kama hannunsa da hannu biyu. Zan faɗi gaskiya, wani abu ya ɗan sosa mini rai a lokacin. Wane irin mutum ne yake godiya kafin a ba shi? Kuma me ya sa ɗigo ukun da aka sa a kan taswira duk a gonaki suke, ba kusa da gidaje ba? Tambaya guda ta isa, mutumin yana tsaye kusa da ni har ina jin ƙanshin turarensa. Amma guɗar ta yi mini daɗi. Tun da aka kai ni lokol, makarantar boko, ina ƙarami ban taɓa kawo wa garin nan wani abin da za a taɓa da hannu ba, yau ga shi na kawo ruwa da bakina.

Ɗigo ɗaya ya faɗa a gonar Inna. Injiniya ya tambayi gonar wa ce, mutane suka nuna ni, domin a bakin kowa gonar gidanmu ce, shekara nawa ana ganinmu a ciki. Ya miƙo takarda. A ƙasanta akwai layi da aka rubuta *propriétaire*, wato mai abu. Wannan kalmar kam na san ta sarai, ba ni da inda zan ɓuya. Na duba ko akwai layin mai aro, babu. Mutane suna kallona, Bature yana duba agogo. Na rubuta sunan Inna, na sa hannu a madadinta.

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kama sunana, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye in da mutane. Sai da na shiga gida shan fura ta ce, tana kallon ƙwarya ba ni ba:

"An hwaɗa ma mai gona?"

"Inna, ruwa na hwa. Wa ka ƙin ruwa?"

"Ni dai tambaya niy yi. An hwaɗa mai?"

"Ina biyawa in hwaɗa mai yanzun ga."

Da niyyar biyawa na fito. Amma mai kabu-kabun da ya kawo ni yana ta matsa oda, rana ta yi zafi, ga takardun jarrabawa jibge suna jirana a Dutsi. Muka zo daidai zauren, na hango ƙafafun Baba a miƙe a kan buzu. Na ɗaga hannu na ce salamu alaikum da ƙarfi, babur bai ko rage gudu ba. Na ce a raina Asabar mai zuwa zan zo in zauna da shi sosai. Asabar ta zo aka sa mana taron malamai. Ta bayanta kuma ban tuna abin da ya hana ni ba.

Mashin ya iso a tsakiyar bazara. Ban je ba, amma labari yana iske ni kullum ta salula: an kafa shi a gonar Inna, ƙararsa har Matankari, mata sun fara jera bido, jarkokin ruwa, a gefen gona don kama layi. Ina jin haka ina ƙara faɗi. A ɗakin malamai na ba da labarin ya fi a ƙirga, har abokina mai lasar duwatsu ya fara ce mini sarkin ruwa. Rana ta huɗu Inna ta sa aka kira mata ni, abin da ba ta saba ba.

"Mutanen ga naka," in ji ta, "mota sunka kawo cike da ruwa. Mu muna jiran a hiddo, su suna zubawa cikin ramin."

Na ce mata haka aikin yake, ita ba ta san kan mashin ba. Na kashe salula. Daga nan ban sake fahimtar ko layi guda na abin da nake gyarawa ba. Washegari na nemi wani ya riƙe mini aji, na hau babur.

Abin da na tarar shi ne akwatunan katako a jere, a cikinsu duwatsu dogaye mulmulallu kamar taɓarya, kowanne da lamba. Ma'aikatan suna kiransu karoti, wato karas, kuma da a wata rana ce da na yi dariya. Ramin kansa bai fi faɗin bakin tulu ba. Bido kuwa sun kai talatin a layi, wasu an ɗaura musu tsumma don shaida. Na ja injiniya gefe na tambaye shi yaushe za a sa famfo. Ya ce wane famfo? Na maimaita masa kalmominsa na ranar taro. Ya dube ni, ya dubi layin bido, na ga fara'ar ta zube daga fuskarsa. Ya ce shi ya ɗauka matan ragowar ruwan motar suke jira. Sannan ya bayyana mini a hankali, yadda nake yi wa ɗalibin da ya makara a fahimta, cewa a aikinsu kalmar tana nufin leƙe, bincike, a huda ƙasa a ga abin da ke ciki. Ba ruwa suke nema ba, ba su ma da izinin taɓa ruwa.

Na yi masa faɗa. Na ce me ya sa bai yi magana yadda mutane za su gane ba, me ya sa ya dafa ƙirji. Ya bari na gama, ya ce ai don haka aka kawo tafinta. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Da na koma gida na buɗe ƙamus, ga ma'anar nan a layi na uku, a littafin da yake kan teburina tun ina ɗalibi.

Ni na tsaya gaban matan na gaya musu. Ba wadda ta zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Ɗaya ta ce, "To, mushe," yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, ta ɗauki bidonta. Sauran suka bi ta ɗaya-ɗaya. Bayan kwana kaɗan ma'aikatan suka toshe ramin, suka zuba siminti, suka bar guntun ƙarfe a tsaye da lamba a jikinsa, suka koma gona ta biyu. Sauran gonakin biyu na masu su ne, ba abin da ya biyo baya sai tsegumi. Tamu ce ta aro.

Ba a yi sati biyu ba aka kira mu gaban mai gari. Wanda ya kai ƙara ɗan Baba ne, sa'ana, ɗan kasuwa mai shago a Dutsi, mai ɗan gemu da wando ɗangalalle, wanda yake ƙetara iyaka yana dawowa ya kuma ga da idonsa abin da dutsen nan yake mai da gona. Tun muna yara ba ma shiri, kuma a ranar na ƙi jininsa ƙwarai. An ɗauko Baba a amalanke aka zaunar da shi jingine da gawo. Inna ta zauna can baya, ta ja mayafi.

"Mushe," in ji ɗan, "tambaya guda gare ni. Sunan wa anka rubuta ga takardar?"

Na fara bayani a kan yadda takardun bariki suke, cewa ba su da layin mai aro.

"Sunan wa anka rubuta?"

Na faɗa.

"To in dutse ya hito gobe, wa za su nema? Mu, ko wanda ad da suna ga takarda?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa raina ya ƙara ɓaci. Na tashi tsaye na ce kwaɗayi ne ya kawo shi, shekara nawa bai taka gonar ba sai yau da ya ji ƙanshin dutse. Na ce kuma ba wanda ya karya sharaɗi, domin ba rijiya aka haƙa ba, rami ne busasshe, ko kaza ba za ta sha a ciki ba. Na yi magana mai tsawo, har da kalmomin faransanci ina jefawa, yadda nake yi in na san ba ni da gaskiya. Baba ya bari sai da na zauna.

"Ɗiyana," ya ce, "ran da kat tsaya nan wurin ga, mi kac ce za a gina?"

"Foraj, Baba."

"Horaj mi na na?"

"Rijiya ta, Baba."

"Kac ce rijiya za a gina cikin gonar, kas sa hannu, kaw wuce ni bisa babur. Yau kuma ka ce ba rijiya ba ta." Ya gyara ƙafarsa da hannu. "Ni ban iya nasaranci ba. Amma ku hwaɗa min, mata in za su itace ta wajen, mi su ka kiran wurin?"

Sai wani daga gefe ya ce a hankali, "Horajin uwar mushe."

"To ka ji. Ruwa ko babu ruwa, suna ya zauna. Ni na kusa tahiya. Jikokina su tashi su iske siminti da ƙarhe cikin gona, da sunan wani gida bisa, wa za ya hwaɗa musu yadda ankai? Ubanka ya so dasa mangwaro guda can. Shekara da shekaru shina hwaɗa min, muna dariya. Bai dasa ba har yam mutu."

Ban san zancen mangwaron ba sai ranar. Na sunkuyar da kai.

"Ta noma bana," in ji Baba, "tunda ta riga ta kai taki. In an yi kaka, a bar damen, kar a kawo."

Kowa a wurin ya san abin da hakan ke nufi. Wanda aka ce kada ya kawo dami an sallame shi ke nan. Na juya ina neman Inna, na ga ta riga ta tashi, tana tafiya gida ba sauri.

Daminar nan ban zauna ba. Na je meri aka ce sai sakatare ya dawo. Na koma aka ce takardar tana Yamai. Na rubuta wasiƙa da faransancin da ba a taɓa ganin irinsa ba, ina neman a goge sunan Inna a sa na Baba, na kai da hannuna, na kuma rubuta wata. Na nemi izini in fasa simintin, aka ce ba nawa ba ne. Injiniya kuwa na dame shi da kira har na fara jin nauyi, shi ma bawan Allah bai taɓa ƙin ɗauka ba. Duk Asabar ina kan babur tsakanin Dutsi da garinmu, ruwa ya dake ni, yashi ya kayar da mu, na rame har matata ta ce ko in je a duba ni. In na isa sai in tarar da Inna a gona, ta yi noman fari ta yi maimai kamar ba abin da ya faru, tana kewaye simintin da hauya yadda ake kewaye kututture. Geron shekarar ya yi kyau, abin haushi. In na fara ba ta labarin inda takarda ta kwana sai ta ce in riƙe mata hauya ta sha ruwa.

Ana gab da girbi injiniya ya kira ni da kansa. Ya ce an auna duwatsun, babu abin da suke nema a ƙasarmu, sun tattara sun nufi wani wuri. Wallahi murna na yi. Na ce shi ke nan, tunda babu dutse babu abin faɗa. Ko rigar aji ban cire ba na tafi, wannan karon na sauka a ƙofar zauren, na cire takalmi, na durƙusa. Ɗan yana nan, ya zo duba tsohon. Da ya ji labari ya yi tsaki ya ce shi kam in haka ne ba ruwansa, tsohuwa ta ci gaba da nomanta, me zai yi da gonar tudu. A ranar na ji kamar in rungume shi.

Baba ya juyo gare ni.

"Dutse," ya ce. "Kai ma kana tsammanin don dutse na?"

"A'a, Baba, amma tunda..."

"Na yi magana gaban gari. In na lashe ta yau, gobe duk mai gonar aro ya gina abin da ya ga dama ya ce kuskure na. Ba gonata ɗai ba ta, gonakin aro nawa ag garin ga?" Ya dube ni, idanunsa sun yi ja. "Da ka sauka ran nan, da ni da kaina ni ka cewa a gina. Ruwa na, wa ka ƙin ruwa? Sai a ce horajin gidanmu, uwarka ta ci gaba da nomanta. Sauka ɗai za ka yi, ɗiyana."

Na yi kuka a zauren nan, ni da furfura ta fara fito mini a gemu. Shi ma ya share ido da hannun riga. Amma bai canza magana ba, ni kuma ban ƙara roƙo ba, domin na gane ba ƙeta ce ta sa shi ba.

Aka yi girbi, aka ɗaure, aka kwashe. Na zo da niyyar in ce wa Inna ta haɗa kayanta, ɗakinta yana nan a Dutsi na sa an shafe shi. Na same ta a bakin rumbu da wani ɗan dami daban, ƙarami, zangarniyoyinsa dogaye masu cika, an ɗaure shi da kyau an barbaɗa masa toka. Iri ne. Kowace shekara kafin a yanke gero takan bi gona ita kaɗai tana zaɓen kan da ya fi kyau, shi ake ajiyewa don shuka, kuma haka surukarta ta koya mata. Na ɗauka za ta ce in ɗaura shi a babur.

"Kai ma su," ta ce.

"Inna, ya ce kar a kawo dame."

"Wanga ba dame ba na. Iri na."

"To ke hwa? Ko bayan gida kin shibka. Ko in samo miki wani wuri wajen Dutsi."

"Irin ga bai san wata ƙasa ba. Tun kakanka can shi ka hita. In sun sa na kasuwa, gonar ba ta yi musu, su ce mun bar ta da mugun hannu." Ta ɗaga shi da hannu biyu ta miƙo mini, karo na farko a ranar ta dube ni a ido. "Ka ce su shibka da ruwan hwari, kar su jira na biyu. Gehen gabas shina riƙe ruwa, su rage mai iri."

Na ɗora shi a ka. Na ratsa gari da shi da la'asar, mutane suna zaune a ƙofar gidajensu, ba wanda ya tambaye ni ina za ni. Baba yana barci a zaure, sai na yi sallama cikin gida. Matarsa ta fito, tsohuwa ce ita ma, tare suke zuwa rijiya da Inna tun suna amare. Na sauke, na isar da saƙon yadda aka ba ni, ruwan fari da gefen gabas, ban rage ko kalma ba. Ta tsuguna ta shafa zangarniya ɗaya da tafin hannu, ta daɗe tana shafawa.

"Duka ta aiko?"

"Duka."

"Ita hwa, mi za ta shibka baɗi?"

Na tsaya toka tana zubo mini daga ka zuwa wuyan riga. Na ce mata ban sani ba.